Filin Bakin Gota

Tsakanin unguwannin Nima da Maamobi a birnin Akra akwai wani babban lambatu da muke kira gota, wanda ruwan unguwannin biyu yake bi ya wuce teku. A bakinsa akwai wani fili, kuma a nan na yi ƙuruciyata. Ba wanda ya raɗa masa suna, amma in aka ce Bakin Gota kowa ya san inda ake nufi. Jar ƙasa ce da tsakuwa da fasassun kwalabe, ga shi a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Saboda haka in aka jefa kwabo kafin wasa, wanda ya ci ba ruwansa da rana ko iska, gangare kawai yake zaɓa. In ƙwallo ta faɗa gota, akwai wata doguwar gora da aka ɗaura wa tsohon kwando a kai, da ita ake kamfato ta, a ɗauraye a famfon masu wankin mota, a ci gaba da wasa.

Ni gola ne a lokacin, na ƙungiyar direbobin tirotiro, wato bas-bas na haya, ko da yake ban taɓa tuƙa mota ba. Ranar wasa nakan je wurin masu yankan katako in ciko buhu da garin katako in baza a bakin raga, don in na faɗi kada fatar hannuna ta tafi. A filin nan za ka ji ana kiran ƙwallo da Hausa, a amsa da yaren Ga, a zagi rafali da Tonanci, wato yaren Asante, wani kuma ya rantse da Zabarmanci. Duk mun fahimci juna.

Wanda ya riƙe filin wani dattijo ne da muke kira Koci. Daga arewacin Gana ya zo tun yana saurayi, ya yi gadin wani shago a unguwar Tudu har gashinsa ya yi fari. Hausarsa irin ta Zango ce, mace da namiji duk “ka” ne da “ya” a bakinsa, in ransa ya ɓaci kuma sai Dagbanci ya shigo. Shi ke ja mana layi da tokar da yake karɓowa wurin mata masu tuwo, yana tafe a sunkuye da gwangwani mai huda a gindi. Fili a Nima kuwa nama ne a bakin kura. Yau ka ga wani ya ajiye kes ɗin sayar da kaya a gefe, gobe wani ya haƙa tushen gini. Koci ba ya faɗa da kowa. Sai kawai ya tara yara ya ce a yi atisayen bugun raga daidai wurin, safe da yamma, ƙwallo tana ta dukan kes ɗin har mai shi ya gaji ya kwashe kayansa. Da wannan dabarar ya tsare filin shekaru masu yawa.

Babban wasanmu a shekara shi ne da ƙungiyar mahauta. Suna da wani ɗan gaba, dogo, mai ƙirji kamar ƙofa, sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo. Wata ranar wasa aka ɗago ƙwallo sama, na fito zan cafe, shi ma ya taso. Muka haɗu a iska, na sauko ƙafata ta dama ta faɗa wani rami da ruwa ya ci, jikinsa ya biyo ya danne ni. Na ji gwiwar ta yi ƙara kamar an karya rake. Wata huɗu na yi a kwance, kuma daga nan ban sake tsaron raga ba. Ramin ne ya karya ni, yanzu na sani, amma a lokacin rami ba shi da fuskar da zan tsana, sai na ɗora wa mahaucin. Na daina yi masa magana. Mukan haɗu a masallaci mu yi musabaha da yatsu biyu, kowa ya kama gabansa. Na daina zuwa kallon ƙwallo ma, na tafi Adabraka na koyi walda a wurin wani mutumin Ga, na dawo na buɗe rumfata a Maamobi, na yi aure, na haifi 'ya'ya. Rumfar kuwa, in ka tsaya a bakinta, kana hango filin.

Maganar za a gyara Bakin Gota mun ji ta har ta zama tatsuniya. Kowane lokaci sai a zo da motoci, a yi jawabi, a tafi. Saboda haka ranar da tifa ta fara zube tsakuwa, aka kewaye filin da kwano, ba wanda ya yi murna. Koci ya ce shi bai yarda ba, wai filin ƙwallo ba a ɓoye shi a bayan kwano, shaguna za a gina. Ya ɗauko bencinsa ya kafa a bakin ƙofar, kullum tun safe yana nan da carbinsa, duk motar da za ta shiga sai ya leƙa ya ga abin da ta ɗauko.

Mai kula da aikin wata injiniya ce 'yar Kumasi, matashiya, kullum da hular kwano da takarda a naɗe a hammata. Ita ta zo rumfata ta ce an gaya mata ni ne mai walda mafi kusa, tana so in yi mata shingen ƙarfe da turakun raga. Ta haka na samu shiga cikin kwanon, na kuma zama ɗan rahoton Koci. Kowace yamma sai in faɗa masa abin da na gani: katafila ta kankare tudun, ta cike gangaren, an shimfiɗa tsakuwa, rola tana ta daddaɓewa. Ba shago ko ɗaya. Sai ya tambaye ni ina aka bi da ruwa. Na ce an haƙa magudana a gefen gota. Ya girgiza kai ya ce ruwan filin nan ba daga sama kawai yake zuwa ba, daga lunguna uku yake gangarowa ta bayan makaranta. Ya tare injiniyar ya faɗa mata. Ta saurare shi cikin ladabi, ta nuna masa takardarta, ta ce an auna komai.

Ba a yi sati biyu ba aka tafka ruwa irin na Akra, wanda yake sa gota ta cika ta tumbatsa. Da gari ya waye, rabin tsakuwar ta tafi teku, ga wata kwazazzaba ta ratsa tsakiyar filin daidai inda Koci ya ce. Ina tsaye a bakin ƙofa injiniyar ta fito, takalminta duk taɓo. Ta tsaya gaban bencin, ta cire hular kwanon.

“Baba, na zo ka nuna mini inda ruwan nan yake fitowa.”

Na zaci zai yi mata gori. Sai ya matsa mata a bencin ta zauna, ya sa aka kawo mata koko. Da ta sha ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

“Tun ba a haife ka ba nake kallon ruwan nan,” ya ce da ita. “Taso, ka zo da biro.”

Suka bi lungunan nan uku ɗaya bayan ɗaya, yana nuna mata da sanda inda ruwa yake haɗuwa, inda yake cin ƙasa, da wani gida da ya toshe tsohuwar hanyarsa. Tana rubutawa, tana tambaya da Tonanci, yana amsawa da abin da ya samu. Bayan wannan aka haƙa wata magudanar ta bayan makaranta, aka binne manyan bututai. Daga ranar kuma Koci ya shigar da bencinsa cikin kwanon, ba wanda ya hana shi.

Ranar da zan yanka ƙarfen raga ta ba ni awo, ƙafa ashirin da huɗu faɗi, takwas tsawo. Na ce mata anya wannan bai yi yawa ba? Ta ce haka yake a ko'ina. Tsofaffin turakunmu na katako suna jingine a gefe, sai na ɗauki tef na auna sandar sama. Ta gaza da kusan ƙafa biyu. Shekara da shekaru ana yabona a Nima wai ba a iya cin ragata, ashe ragar ce ƙarama. Na kai wa Koci ƙara. Ya yi dariya har carbinsa ya faɗi, ya ce iyakar katakon da ya samu ke nan a lokacin, kuma tun da raga biyun duk haka suke, ba a cuci kowa ba.

Daga nan aiki ya tsaya. Ma'aikata suka ragu, suka ɓace, kowa da labarin da yake bayarwa kan dalili. Na kafa shingena na gama, turakun raga suna kwance a rumfata na shafa musu farin fenti, ƙura tana hawa ina gogewa. Ƙungiyoyi suka warwatse. Direbobi suna tafiya bakin teku su yi atisaye a rairayi, mahauta suna roƙon wani filin makaranta can nesa, yara kuma suka koma buga ƙwallo a kan titi tsakanin motoci. Mutane suka fara cewa da an bar mana jar ƙasarmu da ya fi. Ni ma na faɗa. A cikin wannan ne Koci ya faɗi a gidansa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Na je duba shi, bakinsa ya karkace, magana da ƙyar. Abin da ya fara tambayata shi ne ko an yi ruwa, ko filin ya riƙe. Na ce ya riƙe, ko ɗigo bai kwanta ba. Ya lumshe ido.

Bayan watanni, wata safiya ina tayar da injin walda na ga babbar mota ta tsaya, ana sauke wasu manyan naɗe-naɗe kore shar, kamar dardumar babban masallaci. Ciyawar roba ce. Injiniyar ta dawo, ta rame kaɗan, ta ɗaga mini hannu daga nesa. Suka shimfiɗa, suka manne, suka zuba yashi da wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin roba, suka share da wata na'ura mai buroshi. A gefe ɗaya aka gina matakalar siminti ta zaman 'yan kallo, hawa biyar, da rumfar kwano a kai, da ɗaki biyu na canza kaya. Ba wani babban fili ba ne. Amma ranar da aka cire kwanon da ya kewaye shi, masu wucewa suka riƙa tsayawa suna riƙe shinge suna kallo, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko wa zai riƙa ba shi ruwa.

Sai kuma rigima ta tashi. Da, da filin yake jar ƙasa, ƙungiyoyi huɗu ne ke amfani da shi. Yanzu kowane lungu ya fito da ƙungiya da riga da suna. An yi taro a makarantar Islamiyya har sau biyu, aka tashi baram-baram. A ƙarshe dattawa suka ce a je a tambayi Koci. Daga kan katifarsa ya ce mutum biyu za su raba lokaci, kuma abin da suka yanke ya zauna: ni da ɗan gaban mahautan nan, wanda yanzu ya zama Alhaji, shi ke horar da ƙungiyarsu. Na san da gangan Koci ya haɗa mu. Na kwana biyu ina jan ƙafa, sannan na ɗauki littafi da biro na tafi kasuwar Nima bayan azahar.

Na same shi yana kankare teburinsa, ya sayar da naman ranar. Ya ga ni, ya ajiye wuƙa, ya wanke hannu, ya jawo mini kujera. Muka gaisa gaisuwar da ba mu yi ba cikin shekaru fiye da ashirin, muna tambayar iyali kamar baƙi. Na buɗe littafi zan fara, sai na ga yana kallon ƙafata.

“Gola, har yanzu tana yi maka ciwo?”

Na ce sai lokacin damina. Sai ya ce:

“Ka san daga ranar ban ƙara cin ƙwallo ba? Duk sanda na tunkari gola sai ƙafata ta mutu. Baya aka mai da ni, daga baya na bari.”

Ban sani ba. Ta ina zan sani, tun da na daina kallo? Ina can ina riƙe da shi a zuciya, ina ganin kamar shi ya ci gaba da shan tafi ni ina ɗingishi. Na ce masa rami ne, Alhaji, ba kai ba ne. Ya ce shi ma ya daɗe yana faɗa wa kansa haka. Muka bar maganar a nan, ya aika aka kawo mana shayi, muka koma kan littafi.

Rabon bai yi wuya yadda na zata ba, don mun san sana'ar kowa. Direbobi sai ranar Lahadi da yamma suke samun sarari. Mahauta suna gama aiki da rana, sai aka ba su bayan la'asar sau biyu a mako. 'Yan makaranta suka samu bayan tashi. Wasu samari masu sana'ar gwangwan daga unguwar Fadama suka aiko roƙo, aka ce ba 'yan unguwa ba ne, Alhaji ya ce iyayen wa aka haifa a Nima? Aka ba su safiyar Laraba. Sallar idi kuma aka yarda a yi ta a filin kamar da, amma da tabarma, ba kujera mai ƙafar ƙarfe, masu sayar da raguna kuma su koma bayan shinge.

Muna ganin mun gama, sai ga wata malamar makaranta ta zo rumfata da 'yan mata kusan goma sha biyar, suna neman a ba su lokaci. A cikinsu har da 'yata ta biyu. Ashe sun fi shekara suna buga ƙwallo a harabar makarantarsu, da dogon wando da ɗan hijabi, uwarta ta sani, ni ne ban sani ba. Ba zan ɓoye ba, ni ne na fara ja da baya. Na ce sai mun yi shawara, ina tunanin abin da za a faɗa a majalisar ƙofar masallaci. Da yamma a gida ta kawo mini abinci, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

“Baba, kai ka ƙera ragar nan da hannunka,” ta ce. “Ni kaɗai ce ba zan taɓa ta ba?”

Washegari na kai wa Alhaji maganar, muka kai ta gaban dattawa. Wasu suka ce bai dace ba. Alhaji ya miƙe ya ce Koci ya tsare filin nan ne don 'ya'yan unguwa, kuma duk wanda ya taɓa jin Hausar Koci ya san a bakinsa ba mace ba namiji. Aka fashe da dariya, har limamin ya rufe baki da gefen rawani. Aka ba su safiyar Asabar, da sharaɗin malamarsu tana wurin.

Kafin ranar buɗewa na ƙera wa Koci kujera da tayoyin tsohon keke, na sa mata hannu ta baya. Ni da Alhaji muka turo shi tun daga gidansa, mutane suna fitowa suna gaishe shi. Manyan baƙi sun yi jawabinsu, amma injiniyar ce ta sauko daga rumfa ta karɓi kujerar ta tura shi har tsakiyar fili. Ya ce a cire masa silifas. Aka ɗora ƙafarsa mai lafiya a kan ciyawar, ya murza ta, ya ce da zafi kamar kasko, a riƙa gaya wa yara kada su shigo ba takalmi da tsakar rana. Ya dubi fararen layukan ya tambaya ko ruwa yana wanke su. Ta ce a'a, a jikin ciyawar suke. Ya ce to, an kore shi daga aiki ke nan. Shi aka ba usur ya hura na farko, da ƙyar iskar ta fita, amma an ji. Direbobi da mahauta suka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, kowa ya tafi yana cewa rafali ne ya ceci ɗayan.

Yanzu mabuɗin filin yana hannuna, saboda rumfata ce mafi kusa. Ba komai ne daidai ba. Ƙwayoyin robar nan suna bin takalma har cikin ɗaki, matata kullum tana mita tana sharewa. Shingen yana tsinkewa ta bayan raga, ina ɗinkewa. Ana faɗa kan minti biyar. Koci kuma ana turo shi duk Juma'a bayan la'asar, yana zaune a inuwa yana gyara wa masu horarwa kuskure da hannu ɗaya.

Wasan farko da 'yan matan suka yi da baƙi, da wata makaranta ce daga Adabraka. 'Yata tana baya, lamba huɗu. Na ce ba zan kalla ba, ina da aiki, amma na tsinci kaina a jikin shinge da gilashin walda a goshi. Mata masu sayar da wake da shinkafa suka rufe tukwanensu suka cika matakala. An ci su uku, sun rama ɗaya, kuma da ɗayar nan ta shiga sai da guɗa ta tashi har aka ji a kasuwa. 'Yata ta tare ƙwallo biyu a bakin layi, ta kuma yi sanadin fenariti guda, wanda muka kwana uku muna gardama a kansa a gida.

Da aka watse ina shirin kulle ƙofa, sai wata mata ta matso, 'yar dako ce daga Fadama, da kwanon kayanta a hammata da gammo a hannu. Ta gaishe ni da Hausar da ba ta nuna ba, ta ce tana da yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, ba ta da aiki sai harbin gwangwani a lungu, ko za a karɓe ta, ko sai 'yan makaranta. Na ce zan yi wa malamar magana, kuma na san ba za ta ƙi ba. Ta ce yarinyar ba ta da takalmin ƙwallo. Na ce ta zo da duk wanda take da shi, ranar Asabar ƙarfe bakwai, ta tabbata ta karya kumallo kafin ta fito.